Anti Lanuola da Tikitin Ƙaninta

Idan ka shigo layinmu a Logan ka ji kiɗan nan na jiran waya yana tashi daga wani gareji, kada ka wahalar da kanka da tambaya, gidan Anti Lanuola ne. Motarta ta daɗe da komawa kwana a waje, domin garejin ya zama zaure. Tabarmi a ƙasa, kujerun roba jingine da bango, tsohon firiji yana gurnani a kusurwa, sai teburin da take zama da wayoyinta guda biyu. Yayar mahaifiyata ce, amma duk ɗan Samoa da ke wannan yanki na Brisbane Anti yake ce mata, har faston cocinmu wanda ya girme ta.

Shekara da shekaru ta yi tana fige kaji a masana'anta, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Aikin waya ya same ta ne lokacin korona, da aka rufe ƙasashe tikitin mutane ya maƙale a hannun kamfanonin nan masu dillancin tikiti ta intanet. Mu kuwa ba ma ƙin araha, kuma ba ma rabuwa da tafiya gida: yau jana'iza, gobe biki, jibi naɗin sarauta a ƙauye. Ka sayi tikiti a shafin da ba ka san ko a wace ƙasa masu shi suke ba. Ranar da jirgi ya fasa tashi ka kira kamfanin jirgi, su ce ai ba a wurinsu ka saya ba, ka koma wa dillalinka. Ka kira dillalin, ya ce ai ba shi ya soke jirgi ba. Haka za su yi ta wasan ƙwallo da kai har ka gaji ka bar musu.

Anti ba ta gajiya, abin da ta fi mu da shi ke nan. Ni da zarar kiɗan jira ya yi tsawo sai in ji raina ya soma tafasa. Ita kuwa sai ta jawo kwanon gwaza tana ferewa, tana ɗora wa kiɗan waƙar coci ko bai dace ba. Ba kullum take cin nasara ba. Akwai maganar da ta yi ta fama da ita har aka shiga wata shekara, ƙarshe aka tashi babu komai, kuma har yau in an tuna mata sai ta yi tsaki. Ba ta karɓar ko sisi a wurin kowa, amma firijin nan bai taɓa rasa kifi ba.

Mahaifinta, wato kakana, shi ne mai magana da yawun dangi a ƙauyenmu na tsibirin Savai'i, wanda ake kira idan gida biyu sun ɓata. Ta taso tana kai wa dattawa ruwa tana kasa kunne. Daga nan ta ɗauko halin da ya fi ba ni haushi: ba ta taɓa fara magana da abin da ya kawo ta. Sai ta gaida mai amsa waya, ta tambayi sunansa da garinsu, ko an yi ruwa, ko mahaifiyarsa na da rai, ko ya ci abinci.

"Anti, mutumin nan fa karanto abin da aka rubuta masa yake yi, ba ɗan ɗakinku ba ne," in ce mata.

"To ke Fuatino, da kike yi musu ihu, kujera nawa ihun ya taɓa samo miki?"

Sai in tashi in dafa shayi.

Kawu Penaia ƙaninta ne, shi ke bi mata. Dogo ne, mai sanyin magana, direban bas ne kafin ya yi ritaya. Matarsa Talaleu ta je gida duba mahaifiyarta da niyyar yin 'yan makonni, sai aka rufe ƙasa. Can ciwo ya kama ta, can ta rasu, aka binne ta a ƙofar gida kamar yadda muke yi. Kawu ya ga jana'izar matarsa a fuskar waya, a cikin garejin nan, hoton yana tsayawa yana tafiya. A ranar Anti ta kwaso kayansa ta dawo da shi ɗakin bayan gidanta. Ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta sun watsu Sydney da Auckland. Suka zama su biyu a gidan, suna cin abinci tare suna faɗa a kan gishiri. Shi ya ce ta cika, ita ta ce bakinsa ne ya tsufa.

Da aka buɗe ƙasa, likita ya hana shi hawa jirgi saboda zuciyarsa. Dangin Talaleu suka yi masa kara, suka yi ta ɗage ranar buɗe dutsen kabarinta. Sai bana likita ya sake shi, aka tsayar da wata Asabar. 'Yan'uwa suka ɗauki hutu daga ƙasashe daban-daban, aka sayi saniya, aka gayyaci fastoci. Dutsen za a lulluɓe shi da ƙyallaye ɗaya bisa ɗaya, kowane na kusa ya zo ya cire nasa, na ƙarshe kuwa na mijinta ne. Wannan karon babu sauran ɗagewa. Ɗansa da ke Auckland ya saya masa tikitin zuwa da dawowa a wani shafi mai araha, jirgin Laraba.

Ana saura kamar mako guda, Anti ta tafi taron matan coci ta bar shi a gida. Da yamma na leƙo cin abinci kamar yadda na saba, na tarar da Kawu yana ta fara'a.

"Yaya, yau wata yarinya ta kira ni daga wajen masu tikiti," in ji shi. "Kai, yarinyar nan iyayenta sun yi aiki."

Anti ta ajiye cokali. "Me ta ce?"

"Wai jirgina na Laraba ba zai tashi ba. Ta yi ta ba ni haƙuri, ta yi ta ba ni haƙuri, har na ji tausayinta. Na ce 'yata, ba ke kika lalata jirgi ba, na yafe."

"Sai kuma me?"

"Sai ta ce za su ajiye min kuɗin a wurinsu in yi tafiya duk ranar da na ga dama, ko na amince? Na ce na amince mana. Mutum ya ƙasƙantar da kansa ya roƙe ka, sai ka tsaya ciniki da shi?"

"To yaushe za ka tashi?"

"Ai za su kira."

Ba za su kira ba, ni da Anti duk mun sani. Idan jirgi ya fasa, abu biyu ake shimfiɗa maka: ko a sa ka a wani jirgin ba tare da ƙari ba, ko a mayar da tikitinka ajiya. Wanda ya ce ya amince da ajiya ya fita daga layi, an rufe maganarsa. Ga shi lokacin hutun makaranta ne, kuma duk mutanen jirgin da aka soke sun riga sun yi wawar kujerun da suka rage.

Ban ga laifin Kawu ba, amma wallahi na ji kamar in fasa faranti. A gida, in mutum ya yi maka laifi ya zo ya zauna a ƙofarka ya lulluɓa da tabarma, kai ne za ka fita ka yaye masa ita, kuma daga nan magana ta mutu. Kawu ya ji ana ba shi haƙuri, ya yaye tabarma. Ita kuwa yarinyar, abin da aka koya mata ta faɗa wa kowa ta faɗa masa.

"Penaia," in ji Anti, "da aka raba hankali a gidanmu kana bakin teku, ko?"

"Me na yi kuma?"

"Ba komai. Ci abincinka."

Washegari na ce a bar min. Na kira dillalan na zazzage musu duk abin da ke cikina. Wani saurayi ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya fahimci damuwata, amma mai tikiti ya amince da bakinsa, an naɗi muryarsa, sai dai in tuntuɓi kamfanin jirgi. Na kira kamfanin jirgi, suka ce tikitin ba nasu ba ne, in tuntuɓi dillali. Da azahar ta yi muryata ta dusashe, Kawu kuwa ya gane abin da ya faru. Ya shiga ɗakinsa ya rufe ƙofa, bai fito cin abinci ba. Ban taɓa jin gidan nan shiru haka ba, har na yi kewar faɗan gishiri.

Ranar Litinin da safe Anti ta yi wanka, ta sa farar rigarta ta coci, ta soke fure a bayan kunne.

"Ina zuwa?" na tambaye ta.

"Baƙi zan yi."

Ta share tebur, ta kira kamfanin jirgi da waya ɗaya, ta kira dillalan da ɗayar, ta buɗe lasifikar kowacce, ta jingina su da gwangwanin madara suna fuskantar juna. Tun da daɗewa take cewa mahaifinta bai taɓa ɗaukar maganar wani gida ya kai wa wani gida ba. Tabarma ɗaya yake zaunar da su, kowa ya faɗi nasa a gaban ɗan'uwansa. Wahalar abin ita ce a samu duka biyun su amsa a lokaci guda.

Na kamfanin jirgi ne ya fara ɗauka, wani mai suna Ashneel. Ɗaya wayar tana ta kiɗa.

"Ashneel, ɗana, sannu da aiki. Daga ina kake magana? Lautoka! Garin rake. Ana ruwa kuwa? Mahaifiyarka na nan lafiya?"

"Tana lafiya, Mama. Da me zan taimaka miki?"

"Za mu zo wurin. Ita ke dafa maka, ko ka yi aure?"

Ina zaune ina cizon leɓe. Sai a ranar na gane amfanin gaisuwar nan da nake rainawa. Mutum ba ya kashe wa tsohuwa waya tana tambayar lafiyar uwarsa. Ta riƙe yaron nan da hira, daga ciwon ƙafar mahaifiyarsa zuwa yadda ake dafa kabewa da madarar kwakwa, har kiɗan ɗaya wayar ya yanke, muryar mace ta fito. Sunanta Marivic, kuma da Anti ta faɗi sunan Kawu ta duba ta ce ita ce ta kira shi kwanan baya.

"Madalla," in ji Anti. "Marivic, ga Ashneel na kamfanin jirgi. Ashneel, ga Marivic ta masu tikiti. Kowannenku ya ce in je wurin ɗan'uwansa, ni kuwa gwiwoyina ba su da kyau. Ga ku nan, ku gaisa."

Sannan suka gaisa, kowa da kunyarsa, kamar surukai sun haɗu a kasuwa.

Da suka soma magana da juna sai abin ya bar hannunmu. Ashneel ya ce babu kujera a jirgin da ke tafiya kai tsaye, amma akwai guda ɗaya ranar Alhamis ta hanyar Auckland, a kwana can a isa Apia, babban birnin Samoa, ranar Juma'a. Zai iya riƙe ta na ɗan lokaci, sai dai ba shi da ikon taɓa tikitin. Marivic ta ce tikitin ya riga ya zama ajiya, kuma shugabanta ba zai yarda a warware ba sai mai tikitin ya faɗa da bakinsa, a naɗa, cewa bai amince ba.

Na ruga na ƙwanƙwasa wa Kawu. Ya fito da zanensa a ɗaure kamar yadda mazanmu ke yi, ya zauna, aka yi masa bayani. Sai ya girgiza kai.

"A'a. Na riga na yafe wa yarinyar nan. Yanzu in dawo in ce ban yafe ba? A bakin ɗan wa aka taɓa jin haka?"

"Kawu, don Allah! Kalma ɗaya ce fa!" na ce, kamar in yi kuka.

"Ke yarinya ce. In na janye, a kanta laifin zai faɗa. Ba da ni ba."

Ashneel ya yi gyaran murya ya ce kujerar ba za ta daɗe a hannunsa ba. Na dubi Anti ina jiran ta daka wa ƙaninta tsawa. Ba ta yi ba. Ta gyara furen kunnenta, ta juya kujerarta ta fuskance shi.

"Penaia, ba wanda ya ce ka janye yafiyarka. Ta tafi, Allah ya karɓa. Amma ka taɓa ganin an zo ba da haƙuri a ƙauyenmu hannu babu komai? Sun kawo haƙuri, ka karɓa. Saura kayan da ke biyo baya. Ga su sun ɗauko kujera sun tsaya da ita a ƙofarka, kai kuma ka ce ba ka so. Haka Baba ya koya maka? Ka bar mutane da kayansu a hannu suna jin kunya?"

Kawu ya kalli wayoyin. Can ya matso, ya sunkuya kamar mai magana da jika.

"'Yata, kina ji na? Ni ne tsohon nan. Har yanzu na yafe, kada ki damu. Amma in kun kawo kujera, ku shigo da ita, zan karɓa."

"Na gode, Baba," in ji Marivic. "Dole in yi maka tambaya ɗaya saboda naɗin murya. Ranar da ka amince da ajiya, ka fahimci cewa ba za ka yi tafiya a wannan makon ba?"

"Wa ya ce ba zan yi tafiya ba? Matata na jirana ranar Asabar."

"Za ta tarbe ka a filin jirgi ne?"

"A'a, tana ƙofar gida. Ban samu zuwa ba da aka sa ta. Ƙyallen ƙarshe ni zan cire mata."

Sannan Marivic ta ce, da wata murya dabam da wadda ta fara da ita, wannan amsar ta isa, a ba ta ɗan lokaci ta je wurin shugabanta. Ta roƙi Ashneel kada ya saki kujerar. Ya ce ko za a kore shi ba zai sake ta ba. Muka zauna jira, wannan karon ko waƙa Anti ba ta yi ba. Da Marivic ta dawo ta ce an warware, Ashneel ya karanto lambar kujera, ni ce na fara fashewa da kuka, ni mai ihu. Anti kuwa sai da ta sa kowannensu ya yi alkawarin gaida mahaifiyarsa kafin ta bari a kashe waya.

Ranar Laraba na tarar da ita tana shirya masa akwati. Ta sa farar kwat ɗinsa da takalman coci. Ta sa magani mai yawan gaske, ta sa hoton aurensa da Talaleu da ke rataye a ɗakinsa, har da matashin kansa ta danna ta zauna a kan akwatin.

"Anti, tafiyar mako biyu ce fa, ba ƙaura ba."

"Riƙe min nan, ki rage surutu."

Washegari a filin jirgi ta yi ta yi masa faɗa: kada ya ci gishiri, kada ya yi barci a Auckland jirgi ya tafi ya bar shi, kuma duk wanda ya ba shi haƙuri a hanya ya ce a kira yayarsa. Ya yi dariya, ya dafa kanta, ya wuce. Ta tsaya tana kallon ƙofar har bayan ya ɓace, sannan ta ce ƙafarta ce ke ciwo shi ya sa ba ta motsa ba.

Ya samu jirgin ruwan yammacin Juma'a zuwa Savai'i. Ranar Asabar garejin ya cika, muka jingina waya da gwangwanin madara muna kallo. Aka yi waƙa, aka yi addu'a, aka yi ta cire ƙyallaye. Da ya rage guda ɗaya Kawu ya cire takalmansa, ya tako a hankali. Ya yaye ƙyallen, ya ninke shi da kyau, ya shafa sunanta da tafin hannu. Sannan ya zauna a gefen kabarin ya soma yi mata magana ƙasa-ƙasa, kamar wanda ya dawo daga aiki. Mai riƙe da wayar ya kawar da ita zuwa kan bishiyoyi.

Ana gab da ranar dawowarsa ya kira Anti. Ina wurin, amma nata kawai nake ji.

"To... Na ji... Ina ruwana, zauna mana, gishirina ya huta... Kana shan maganin? Wa ke dafa maka?... To. Ka gaishe ta."

Ta ajiye wayar a kan tebur. Na ce ko in kira mata masu tikitin, ta ce a'a. Ta ɗauki waya ɗaya kawai, ta buga, ta yi jira ba gwaza ba waƙa. Da aka ɗauka ba ta tambayi garin kowa ba. Ta faɗi sunan ƙaninta, ta ce a soke tikitin dawowa. Mai amsawar ya ce akwai wurin da dole ya cike, mene ne dalilin sokewar?

"Rubuta ya isa gida," in ji Anti.